Irin Gurbin Marke

A unguwar da ke bayan tashar mota ta Talata Mafara, in ka ce Jatau kake nema sai an tambaye ka wanne, domin Jatau sun kai huɗu a layin. Amma ka ce Jatau mai baƙi, ko mai ƙosan bakin titi za ta nuna maka ƙofar da tsinken hannunta ba tare da ta ɗago kai ba. Dattijo ne dogo, kafaɗarsa ta dama ta fi ta hagu sauka saboda shekara arba'in da ya yi yana jifan birgi, komar nan ta wurgawa, a ruwa. Ba shi da yawan magana, in kuma ya fara sai ka ga idonsa ya wuce ka, yana kallon wani wuri da kai ba ka gani. Baƙin nasa kuwa ba mutane ba ne. Tarwaɗa ce, a cikin wani tankin siminti da masu buga bulo suka bari a tsakar gidan ƙanwarsa Bushra.

Shi ba ɗan garin ba ne. An haife shi a Tungar Marke, wani ɗan ƙauyen masunta da ke bakin gulbi, gaba da Maradun. Da rani gulbin kan yanke ya bar rairayi fari fat, sai wuri guda mai zurfi a gindin itatuwan marke wanda ruwansa ba ya ƙafewa. Shi ake kira Gurbin Marke. Ba a taɓa kifin gurbin sai rana ɗaya a shekara, gab da faɗuwar damina, ranar da kowa da kowa ke faɗawa ruwa da komarsa. A wannan rana gidan su Jatau ba sa su. Aikinsu daban ne. Kifayen farko da aka kama, mata masu ƙwai da 'yan maza, a hannunsu ake danƙawa. Su kai su gida su zuba a kwatarniya, su tsare su har bayan la'asar, sa'ad da kowa ya fita, ruwa ya kwanta, sannan su mai da su. Mutanen Tunga na kiran gidan da gidan mai da iri. Kakansa ya yi, ubansa ya yi, shi ma ya karɓa tun gemunsa na baƙi.

Ubansa ya koya masa cewa kifin iri baƙi ne na yini guda, kuma a yi musu abin da ake wa baƙo na mutunci. A wanke kwatarniya da soso har ta yi ƙara, a zuba ruwan rijiya garai-garai, in rana ta take a sake wani. Jatau ya riƙe wannan magana da hannu biyu, kuma ita ce ta kusa kashe masa baƙin.

Shekarar da suka taso daga Tunga, an yi kamun kifin ne da sassafe cikin gaggawa, domin an kwana biyu ana raɗe-raɗin mutanen daji. Kowa ya san ƙila shi ne na ƙarshe, saboda haka aka ja taru sau uku, aka kwashe gurbin har laka. Jatau na gida da kifi tara a kwatarniya yana jiran la'asar. Ko azahar ba a kira ba aka ji babura, kuma ta hanyar gurbin suka ɓullo. Wata motar masu kwasar albasa ce ta tsaya wa mutane. Matarsa Saude ta fito da ƙullin tufafi da tukunya ɗaya, ta waiwaya ta ga maigidanta yana fasa bakin jarka da wuƙa yana ɗura kifi. Ta adana maganar, ta yi ta fito masa da ita kaɗan-kaɗan har shekara biyar.

Aikin yini ɗaya ke nan ya zama na shekara biyar. Abin da ke zuciyar Jatau tun daga ranar guda ɗaya ne tak: ya mai da irin nan cikin gulbinsu kafin a mai da shi ƙasa. Bai nemi gona ba, bai nemi rumfa a kasuwa ba. Yakan yi wa masuntan dam ɗin da ke kusa da garin gyaran taru ya sami na cefane, sauran lokacinsa duk na tanki ne.

Kuma fa tankin ya sha wanka. Kowane kwana biyu sai Jatau ya kame kifayen da hannu ya sa a baho, ya zubar da ruwan tas, ya shiga da soso da tsintsiyar kwakwa ya dirje bango har sai simintin ya yi fari. Da ya ga ɗan kore ya fara fitowa a kusurwa sai ransa ya ɓaci, ka ce ƙazanta ya gani a shimfiɗar surukinsa. Sannan ya ɗebo ruwan burtsatse mai sanyi ya cika, ya mai da baƙinsa. Ya ba su tuwo, ya ba su dusa, ranar kasuwa ya roƙo musu hanjin kaji.

"Malam," Saude kan ce tana tankaɗe, "ni da nike matarka ban ga ka taɓa wanke mini randa ba. Kuma gurbin nan da kake ta zance, damina biyar ta wuce a kansa. Ambaliya ta cika shi da kifi tuni."

"Na ambaliya daban, na gurbi daban," in ji shi. "Dubi kan wagga. Dubi rawayar cikinta. Kin taɓa ganin irinta a kasuwa?"

Ita dai tarwaɗa take gani. Amma ta san ba kan kifin ne zancen ba, an ba shi abu ne ya riƙe zuwa la'asar, kuma har yanzu yana hannunsa.

Tara suka zama bakwai, bakwai suka zama biyar. Kifi zai fara da ƙin cin abinci, sai wani fari-fari ya fito masa a gefe, ya zama miki, gashin bakinsa ya guntule, wata safiya a tarar da shi ciki sama. Duk wanda ya mutu Jatau ba ya bari a ci, a bayan katanga yake binne shi. Kuma duk mutuwa sai ya ƙara wanka, don a ganinsa tsabtar ce ba ta isa ba.

A bazarar shekara ta biyar ya faɗi a bakin tankin da rana tsaka, soso a hannu. A asibiti suka ce jininsa ne ya hau, zuciyar kuma ta gaji, ya daina aikin wahala. Ranar Talata ta gaba sai ga Amatullah ta zo duba shi. Ɗiyar Bushra ce, tana aure a Bakura, malamar gona ce da ke zagaya masu kiwon kifi a bakin magudanan ruwan dam. Mace ce mai faɗin gaskiya ko ba a tambaye ta ba, ta gado uwarta. Ta daɗe tana ganin tankin kawunta, ta ɗauka abin ɗebe kewa ne na tsoho, ba ta taɓa leƙawa da idon aiki ba.

Ta durƙusa ta gaishe shi. Ina kwana, ina gajiya, ya jiki, ya ƙarfin jiki, ya haƙuri da zafi, shi kuma ya tambayi maigidanta da yara da mutanen Bakura ɗaya bayan ɗaya. Sai da gaisuwa ta ƙare sarai, sannan ya ce, "Amatu, wagga damina nike so in mai da su. Ban ga alamar ta baɗi da ni ba."

Ta ce Allah ya ƙara kwana, ta tashi ta leƙa tankin. Ta daɗe a tsaye.

"Kawu, biyar ne, kuma uku ba su da lafiya. Ko hanya ta buɗe yau, mi za ka kai? Cuta za ka kai wa gulbi."

Maganar ta soke shi, amma bai musa ba. Ta ce abin da za a yi shi ne a samu ɗiyansu, masu yawa, masu ƙarfi. Tarwaɗa ba ta haihuwa a tanki don kanta, sai an yi wa macen allura a matse ƙwan, namijin kuma sai an yanka shi an ciro abin da za a haɗa. Jatau ya kwana biyu yana juya wannan. A rana ta uku ya wasa wuƙarsa, ya zaɓi namijin da ya fi lafiya, ya yi bisimilla ya yanka da kansa. Ya ce in dai za a ci amanar baƙo, gara a ce mai masauki ne ya yi, kada a ɗora wa wani.

Amatullah ta yi wa babbar macen da ke cikinsu allura, ƙwanta kuwa ya yi kyau. Cikin kwana biyu bahon da Amatullah ta shirya ya cika da wasu 'yan abubuwa masu wutsiya, dubbai, suna rawa a ƙasan ruwa. Jatau ya zauna a kan turmi yana kallonsu har wuyansa ya ƙage. Da suka kai tsawon ɗan yatsa aka raba tankin biyu aka zuba su, Amatullah ta koma bakin aikinta. Shi kuwa da ya ga baƙi sun yawaita sai ya ninka hidima, kullum wanka, kullum sabon ruwa, Saude na ɗebo masa tana mita. Ba a yi sati biyu ba suka fara mutuwa. Da safe sai ya sa ƙwarya ya kwashe gawa, wata rana hamsin, wata rana ɗari. Ya daina cin abincin kirki. Tsoro ya kama shi sosai, irin wanda ko ranar babura bai ji ba.

Amatullah ta dawo ta same shi a cikin tankin da soso, kifayen na cunkushe a baho suna haki. Ta ajiye jakarta a hankali.

"Kawu, kullum haka kake yi?"

"Kullum. Da can kwana bibbiyu ne, yanzu na ƙara."

Ta zauna a bakin tankin ta dafe kai. Sai ta buɗe jakar ta fito da wata 'yar leda, ta kwance ta miƙa masa. Gari ne a ciki, kore shar har yana ɗaukar baƙi. Jatau ya kai hanci.

Tsakar gidan ta ɓace masa. Ya ga kansa a gindin marke da hantsi, ƙafafunsa cikin laka mai ɗumi, iska na kaɗo busassun ganye suna sauka kan ruwa ba ƙara. Ga dutsen nan da mata ke wanki, gefensa da ke cikin ruwa ya yi kore, yana santsi. Ga ubansa tsugune zai yi alwala, ya sa bayan hannu ya kore koren da ke saman ruwa gefe guda, ya kamfata, kafin ya wanke fuska koren ya dawo ya rufe wurin. Ƙananan kifi na tsattsagar jikin dutsen. Can ƙasa inda rana ba ta kai ba wani babban abu ya juya a hankali, ruwan ya yi ƙoƙo ya koma. Har kukan tsuntsun nan mai jan baki ya ji, wanda bai sake ji ba tun da ya zo birni.

"Wanga ai warin gurbinmu ne," ya ce. Muryarsa ta yi ƙasa.

"Gansakuka ce, Kawu. Wani iri ne nata da ake nomawa a ruwa, a tace, a shanya, a daka. Ana zuba kaɗan cikin abincin kifi."

Ya dubi ledar, ya dubi soson da ke ɗaya hannun, ya dubi farin bangon tankin. Shekara biyar yana kankare abin nan da ƙarfinsa. Kunya ta rufe shi, ta yadda ya kasa haɗa ido da ɗiyar ƙanwarsa. Ya ce ubansa ne ya koya masa. Amatullah ta ce kakanta bai yi kuskure ba, na yini ɗaya ya koyar, wanda zai kwana kuwa ba baƙo ba ne kuma, ɗan gida ne, sai a bar shi ya zauna yadda ya saba.

Ta yi masa bayani dalla-dalla, ba ta ɓoye komai ba. Garin nan ba magani ba ne, wanda miki ya riga ya ci ba zai tashe shi ba. Ƙarfin jiki yake ƙara wa masu sauran lafiya, don in cuta ta zo ta tarar da su a shirye, kuma sai an yi makonni kafin a ga aikinsa. A gulbi ƙananan kifi da ƙwarin ruwa na cin gansakuka, tarwaɗa na cinsu, haka abin ke isa jikinta. A tanki ba ta da kowa sai shi da tuwonsa. Sannan ya daina kama su da hannu, santsin jikinsu shi ne rigarsu, duk kamu sai ya tuɓe musu ita. Ruwa kuma rabi za a riƙa ragewa, sabon ya wuni a baho ya huce kafin a zuba. Bango a ƙyale shi.

Washegari, abinka da Jatau, da ya ji gansakuka ce sai ya ɗauki bokiti ya tafi kududdufin bayan unguwa inda kwatoci ke zuba, ya kwaso ta cike fal yana murna. Allah ya sa Amatullah ta kwana a gidan. Ta tare shi a zaure ta karɓe bokitin ta kai waje ta kifar. Ta ce ba kowace kore ba ce abinci, wata guba ce, ta kwata kuwa ko akuya ba ta ci. Ledar da ta kawo ba za ta wuce kwana goma ba, kuma samunta sai an aika nesa, don haka za ta kawo masa irin mai rai ya noma da kansa.

Ta kawo shi a gorar ruwa, wani koren ruwa mai kauri. Aka jera bahuna huɗu a inda rana ke bugawa da safe. Abin mamaki, wannan iri ba ya son ruwan daɗi, sai mai kanwa. Nan fa Saude ta miƙe. Kanwarta ce ta dafa wake aka jiƙa aka tace, muciyarta ce aka ɗauka don motsawa, sabon mayafinta mai laushi ne Amatullah ta ce shi ya dace da tata.

"Kun cinye mini miji, yanzu kun dawo kan muciya," ta ce wa kifayen.

Amma da ta ga yadda Jatau ke tata, yana matsa mayafin da ƙarfi kamar mai murɗe taru, sai ta ture shi. Ta ce wannan ai tatar gasara ce, ba aikin maza ba ne, ya je ya zauna kafin ya sake faɗuwa a kanta. Tun daga ranar noman ya koma hannunta. Ita ke zuba ɗan taki daidai yadda aka gwada mata da murfin kwalba, ita ke motsawa sau biyar a yini, kowace salla da nata. Ita ta gane cewa in rana ta yi zafi ƙwarai sai a rufa musu tabarma, in ba haka ba koren ya koɗe ya yi rawaya. Takan kwashe abin da ya taru a mayafi ta shafa a faranti siriri, ta shanya a inuwa, ta daka. Cokali uku a tiyar abinci, wanda aka haɗa da ƙuli-ƙuli da garin ƙananan kifi da dusa, a murza ƙanana a busar. Yatsunta suka rine har makwabta na tambaya ko sabon lalle ne ya shigo.

Jatau kuwa, da aka raba shi da soso, sai ya zama ba shi da aiki sai kallo. Yakan jawo tabarma kusa da bahunan da hantsi. In Saude ta juya muciya koren kan tashi daga ƙasa ya naɗe, ya warware, ya sake naɗewa, shi kuma ya bi shi da ido har gyangyaɗi ya ɗauke shi. A cikin gyangyaɗin yakan ga gulbi ya kawo, ja wur, ya haye rairayi ya shiga gurbin, ya ga kifayensa na tafe a ƙarƙashin ruwa jere, suna wuce Maradun, suna wuce gonakin gero da ba a noma ba, suna shiga Tunga ta inda babu mai tare su. Wani lokaci har gidansu yakan gani, ƙofa a buɗe, ciyawa ta fito a tsakar gida. Sai kiran azahar ya tashe shi.

Mutuwa ba ta tsaya nan take ba. Sati na farko ya kwashe gawa arba'in, talatin, arba'in da biyar a rana. Cikin manyan ma uku suka tafi, aka bar babbar macen ita kaɗai. Ranar da ya binne ta ukun ya ce wa Amatullah a waya garinta bai yi ba, zai koma wankinsa. Ta ce in ya taɓa soso za ta zo ta kwashe kifin ta kai Bakura, ya yi fushi ya kashe wayar. Saude ta ɗauki soson ta jefa a murhu, ta ci gaba da tuƙinta.

A sati na uku aka koma goma, aka koma huɗu. Bangon tankin ya yi kore, ruwan ya ɗan yi duhu, kifayen suka fara haske a fata suna cin abinci da faɗa. Wata safiya, ruwan farko ya sauka ƙasa na ƙamshi, Jatau ya zo da ƙwaryarsa ya zagaya tankin sau biyu bai sami abin kwasa ba. Ya tsaya da ƙwarya a hannu bai san inda zai ajiye ta ba. Daɗi ya kama shi, ya zauna a kan turmi ya yi ta hamdala. Ɗari uku da 'yan kai suka rage cikin dubbai.

Amatullah ta sa sharaɗi: sai an yi kwana arba'in ba miki ko ɗaya. Jatau ya yi ta duban sama yana duban tanki, don in gulbi ya kawo ya janye, kifi ba ya samun hanyar hawa, sai wata shekara. Kwana arba'in suka cika a tsakiyar Agusta, ruwa na tsaka da zuba. Ta zo ta ɗaga su ɗaya-ɗaya a ƙaramar koma, ta duba gefe, ta duba ciki, ta duba gashin baki. Sun kai tsawon tafin hannu, baƙaƙe, cikinsu rawaya. Ta ce sun yi.

Hanyar Tunga dai ba ta buɗe ba, ba kuma wanda ya yi zancenta. Abin da ake iya kaiwa shi ne bakin dam ta wajen Maradun, da rana, a dawo da rana. Daga nan gulbin ke shigowa, kuma tarwaɗa in ta ji sabon ruwa takan bi shi ta hau. Ko za su kai gurbin, ko ba za su kai ba, wannan ba mai iya cewa. Gajere, abokin Jatau tun na ƙuruciya wanda yanzu ke su a dam, shi ya ce zai kai su a jirginsa, amma a gama kafin azahar, don ba ya yarda yamma ta same shi a wancan gefen. Jatau bai yi musu ba.

Suka tafi da jarkoki shida a bayan a-kori-kura, Amatullah na gaba, shi yana baya ya rungume wadda babbar macen ke ciki. Saude ta tsaya gida, ta ce wa zai motsa bahuna. Da suka shiga jirgi hadari ya yi luf, rana dishi-dishi, ruwa bai sauko ba, dam ɗin ya kwanta shimfiɗe har inda ido ya ƙare. Gajere ya yi ta tuƙi suna wuce kawunan itatuwan da ruwa ya shanye, har suka iso inda jan ruwan gulbi ke kutsawa cikin na dam, ana ganin iyakarsu a fili. Ya riƙe jirgin da gora, doguwar sandar tura jirgi, ya ce nan ne.

Amatullah ta nuna masa ya riƙa zuba ruwan gulbi cikin jarkokin kaɗan-kaɗan don kada sanyin ya buge su. Ya yi hakan. Sannan ya yi bisimilla ya karkata ta farko. Babbar macen ta zame ta fita, ta tsaya daidai ƙiftawar ido, ta kaɗa wutsiya sau ɗaya ta nutse. Ba a sake ganinta ba. Jatau ya sauke numfashi, ya bi sauran jarkokin ɗaya bayan ɗaya har suka ƙare.

Sai dai ƙananan ba su tafi ba. Su ba su san gulbi ba, a tanki aka haife su. Suka taru a gefen jirgin daidai inda inuwar Jatau ta faɗa kan ruwa, ɗari uku, kawuna sama, bakuna a buɗe, gashin bakinsu na motsi. Ya matsa gaba, suka bi inuwar. Ya koma baya, suka biyo. Abinci suke jira.

"Sun san ka," in ji Gajere a hankali. "In suka saba bin jirgi, kwana biyu ba su yi, masu birgi sun kwashe su."

Jatau ya daɗe yana kallonsu. Yana son su, bai taɓa sanin yawan son ba sai yanzu, kuma ya san abin da ya rage masa ya yi. Ya miƙa hannu Gajere ya ba shi filafilin tuƙi. Ya ɗaga ya maka wa ruwan da faɗinsa. Suka watse, suka dawo. Ya sake makawa, ya sake, yana kuka a fili ba ya ɓoyewa, ruwa na fantsama a gemunsa, Amatullah ta riƙe masa bayan riga kada ya faɗa. Sai da hannunsa ya gaza sannan ya tsaya. Ruwan ya kwanta, ja, ba komai a samansa.

"Ina suka nufa, Gajere? Idona ba ya kaiwa."

Gajere ya duba gabas, ya duba yamma. "Wallahi ban gani ba, Jatau. Ruwan ya yi ja da yawa."

"To," in ji shi.

Gajere ya juya kan jirgin ya nemi filafilinsa, Jatau bai ba shi ba. Da gora ya tura su har gaci, tafiyar da ta ci kusan awa guda. Duk tsawonta tsohon na zaune ya juya baya yana duban ruwa, filafilin a ɗage a hannunsa, ko da za su biyo.